Sunayen Ɗaci

A Samaru, ranar Talata, Malam Tanimu ya rufe littafi,
ya ce akwai wani harshe, Karuk,
can bayan teku, a bakin wani kogi.
Waɗanda suka sha shi a nono sun kusa ƙarewa,
jikoki na bin ragowar tsofaffi da alƙalami:
yaya ake cewa abu ya yi ɗaci?

Muka kwashe da dariya. Wannan ma tambaya ce?
Na hau bas dariyar na bakina,
sai a Kwangila ta fara yi mini maƙaƙi,
kafin Ƙofar Doka na haɗiye ta kamar ragowar abinci.

Gwaggo Tasalla na rumfarta a kasuwar birni,
tsakanin mai kanwa da mai tsintsiya,
saiwoyi ɗaure da zaren buhu,
sassaƙe a tsohon gwangwanin madara.
Na ce, Gwaggo, ɗaci nawa ne?
Ta ce, ɗan boko, zauna,
ba a tsaye ake gaisawa da maɗaci ba.

Ta ɓantaro ɓawonsa. Tauna!
Na tauna, kunnuwana suka motsa.
Wannan shi ne uba, in ji ta,
ba ya sallama, ba ya bankwana.
Ta miƙo bagaruwa, na ce ɗaci.
Ta ce kai, bauri ne!
Ba ka ji ta tattare maka harshe ba
kamar fata a hannun majemi?
Ɗanyen wake kuwa gafi,
wanda ya kira shi ɗaci ya ci masa mutunci.

Shuwaka tana jin magana:
cuɗa ta sau uku, ta sauko ta shiga miya.
Ɗata abokiyar hirar tsofaffi ce,
yaro ya tofar, kaka ta nemi ƙari.
Namijin goro mai bashi ne mai biya,
ka jure, ka kurɓi ruwa, zaƙi na tafe a baya.
Amma matsarmama, in ta fashe a cikin kaza,
ɗigo ɗaya, ka yi asarar nama da itace da lokaci.

Ina ta rubutu, hannu na rawa,
sai ta zaro wata saiwa daga ƙasan kwando,
siririya, ja-ja, kamar jelar ɓera.
Na ɗanɗana.
Ba ɗaci ba, ba bauri ba,
wani abu ne da ke laɓewa a ganda
ya jira sai ka yi numfashi.

Uwata, in ji Gwaggo, mutuniyar Kudan,
tana da kalmar wannan.
Takan faɗe ta tana yamutsa fuska.
Ana cewa... ana cewa...
Ta lalubi bakinta da harshe
kamar mai neman allura a tabarma.
Ta leƙa ta tambayi mai kanwa,
ya ce shi dai ɗaci ya sani.
Mai tsintsiya tana ƙirga canji.
Aka kira la'asar.
Gwaggo ta gyara ɗankwali, ta ce za ta zo,
da dare irinsu kan zo.
Na bar mata layi guda fari a takarda.

A gida, Tudun Wada,
Sahura 'yar yayata ta furzar da maganin zazzaɓi,
ta ce babu daɗi.
Jiya ma da tsamiya haka ta ce, babu daɗi,
da goro, da barkono, da kunun da ya ƙone.
Buhu ɗaya take zuba su duka.

Mako uku ke nan.
Saiwar na aljihuna, ta fara bushewa.
Kullum na bi ta rumfar, Gwaggo kan girgiza kai
tun ban yi sallama ba.
Nakan ɗan gutsura a bas,
in riƙe shi a ganda har Samaru,
kada ɗanɗanon ma ya bi sunansa.